Zaƙi a Harshe, Kogo a Haƙori



Duk uwar da ta taɓa kwana zaune da yaro mai ciwon haƙori ta san ciwo ne da ba ya jin lallashi. Yaro ya dafe kunci, ya ƙi abinci, ya ƙi barci, gari ya waye ba zancen makaranta. Daga nan sai a shiga neman dalili. Wata ta ce gado ne, haka haƙoran dangin ubansa suke. Wata ta ce tsutsa ce ta shiga. Wata kuma ta ce a ƙyale shi, ai haƙoran nono ne, zai famfare wasu su fito. Da wuya ki ji wadda ta waiwayi gwangwanin sukarin da ke kan kanta, ko kuma 'yan kuɗin alewar da ake damƙa wa yaron kullum safiya.

Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza. Shi ma haƙori ba ya ruɓewa banza. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce, domin a rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 2 ne ke da ruɓa a haƙoransu na girma, sannan yara miliyan 514 na da ita a haƙoran nono. Babu wata cuta da ta kai ta yaɗuwa a tsakanin 'yan'adam. Masana sun shafe sama da shekara ɗari suna bin sawunta, kuma duk inda suka bi, sawun a wuri ɗaya yake ƙarewa, wato sukari.

Me ke faruwa a cikin baki?

Haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda ya fi kowane abu ƙarfi a jikin ɗan'adam, har ya fi ƙashi. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani ɓangare da bai kai shi tauri ba, can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. To me zai iya huda abu mai ƙarfi haka?

A bakin kowa, babba da yaro, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Su ne ke taruwa su zama wannan dauɗa mai yauƙi da kike ji a jikin haƙori idan kin tashi da safe. Abincin da suka fi so shi ne sukari. Da zarar ya shiga baki sai su cinye rabonsu, su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuma tsamin ya fara narkar da ɓawon haƙori a hankali, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye katangar ƙasa. Wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Miller, wanda ya yi aiki a birnin Balin na Jamus, shi ne ya bayyana wannan tun a 1890. A 1924 kuma wani masani a Ingila mai suna Clarke ya gano ɗaya daga cikin manyan masu wannan ɓarna, wata bakteriya da ake kira mutans.

Saboda haka babu wata tsutsa a cikin haƙori. Tsohon zance ne da al'ummu da yawa suka yi imani da shi tun zamanin da, ba mu kaɗai ba. Abin da masu turara baki ke nuna wa mutane a cikin ruwa da sunan tsutsa, 'ya'yan wasu tsirrai ne da kan fashe idan zafi ya taɓa su, su fitar da wani farin zare. A biya kuɗi a koma gida, kogon yana nan inda yake.

A shekarun 1940 wani masani a Amurka mai suna Stephan ya auna tsamin da ke jikin haƙori bayan an kurkure baki da ruwan sukari. A ma'aunin tsami, lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Ɓawon haƙori yakan fara narkewa idan ta sauka ƙasa da kimanin 5.5. Abin da ya gani shi ne, cikin 'yan mintoci kaɗan da shigar sukari ake kai wa wannan matsayi, amma kafin baki ya koma daidai sai an ɗauki rabin awa zuwa awa guda.

Wanda ke mayar da shi daidai kuwa shi ne yawu. Cikin hikimar Ubangiji, yawu yana wanke sukarin, yana kashe tsamin, sannan yana mayar wa ɓawon haƙori sinadaran da suka zube. Ke nan kullum ana rushewa ana ginawa a cikin baki. Idan an ba yawu isasshen lokaci, ginin ya rinjaya, haƙori ya zauna lafiya. Idan kuwa kafin ya gama gyara an sake aiko da wani zaƙin, rushewa ta rinjaya, yau da gobe sai rami ya buɗe.

Inda sukari ya je, ruɓa ta bi shi

Wata za ta ce, ina shaidar cewa sukarin ne? Tarihi ya ba da amsa a wurare daban-daban.

Akwai wani ƙaramin tsibiri a kudancin tekun Atilantika da ake kira Tristan da Cunha, wanda mutanensa ba su kai 300 ba, kuma yana da nisan gaske daga kowace ƙasa. Abincinsu a da kifi ne da dankalin Turawa, sukari kuwa sai in jirgin ruwa ya biyo. Da masu bincike daga Norwe suka duba haƙoransu a 1937, sun tarar ruɓa kaɗan ce ƙwarai, musamman a bakin yara. Bayan haka aka buɗe kanti a tsibirin, sukari da fulawa da alewa suka wadata. A 1961 dutse ya yi aman wuta, aka kwashe mutanen zuwa Ingila. Da likitoci suka sake duba su a can a 1962, sai ga ruɓa ta cika bakin yara da matasa. Jinin nan dai shi ne, dangin nan su ne. Abincin ne ya sauya.

A wasu wuraren kuma akasin haka aka gani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, sukari ya yi ƙaranci a ƙasashe da yawa. A Jafan, abin da mutum ɗaya ke sha a shekara ya faɗo daga kimanin kilo 15 zuwa ƙasa da kilo ɗaya a 1946. Likitocin da ke duba 'yan makaranta suka ga sabuwar ruɓa ta ragu sosai, da sukari ya dawo bayan yaƙi kuma ta dawo tare da shi. Haka aka gani a Norwe. A Iraƙi ma, bayan takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasar a 1990, sukarin da ke isa ga mutum ɗaya a shekara ya sauka daga kimanin kilo 50 zuwa 12, kuma binciken da aka buga a 2004 ya nuna ruɓar haƙoran yara ta ragu. Ba wanda zai yi fatan yaƙi ko takunkumi, domin yaran nan sun sha wahalar da ta fi ciwon haƙori nesa ba kusa ba. Amma darasin a fili yake: abin da ke hawa idan sukari ya hau, ya sauka idan ya sauka, ba gado ba ne.

Darasin asibitin Vipeholm

Akwai wani bincike da ya kamata kowace uwa ta san labarinsa, duk da cewa labari ne mai ɗaci. An yi shi ne a ƙasar Suwidin, a asibitin Vipeholm da ke garin Lund, tsakanin 1945 da 1953. Asibiti ne na masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aka ɗauki majiyyata 436 aka raba su rukuni-rukuni. Wasu aka riƙa ba su sukari mai yawa a cikin abin sha ko burodi, amma a lokacin cin abinci kawai. Wasu kuma aka riƙa ba su wata alewa mai danƙo da aka yi ta musamman don ta manne wa haƙori, wasu guda 8, wasu har guda 24 a rana, suna ci a tsakanin abinci.

Sakamakon da aka buga a 1954 ya nuna cewa waɗanda suka sha sukarinsu tare da abinci ruɓarsu ta ƙaru kaɗan. Masu tsotsar alewa a tsakanin abinci kuwa haƙoransu sun lalace matuƙa, kuma da aka daina ba su, sabuwar ruɓa ta ja baya.

Abin da aka yi wa bayin Allahn nan zalunci ne, domin ba a nemi yardarsu ba, ba su ma san abin da ake yi da su ba, kuma a yau babu hukumar da za ta amince da irin wannan gwaji. Sai dai ilimin da ya fito daga ciki ya sauya tarbiyyar ƙasa guda. Daga baya hukumomin Suwidin suka shawarci iyaye su ware rana ɗaya a mako don alewa, har abin ya zama al'adar da suke kira alewar Asabar. Yaro ya san ranarsa, ya ci ya more, sauran kwana shida kuma haƙoransa su huta.

Abin riƙewa a nan shi ne, haƙori yana lissafin abu uku: yawan sukarin, sau nawa ya shigo, da kuma tsawon zamansa a baki.

Mu lissafa ranar yaro ɗaya

Uwargida, ɗauki yaronki ɗan firamare ki bi shi daga safe zuwa dare. Ƙarfe bakwai ya sha shayi ko koko da cokali uku na sukari. A hanyar makaranta ya sayi alewa mai tsinke. Lokacin tara ya ci biskit ya kora da lemon kwali. Da aka tashi, rana ta yi zafi, ya sayi ƙanƙarar zoɓo a bakin ƙofa. Da la'asar a hanyar Islamiyya ga mai tallan tuwon madara da gullisuwa. Da magariba Baba ya dawo da tsarabar cakulan. Kafin barci kuma a haɗa masa wani shayin don kada ya kwana da yunwa.

Sau bakwai ke nan. Ko da rabin awa kawai muka ba kowanne, haƙoran yaron nan sun yi awa uku da rabi a cikin tsami, kuma wannan mafi ƙaranci ne, domin alewa mai tsinke kaɗai takan daɗe a baki ana tsotsa, mai danƙo kuma ta maƙale a ramukan matauna. Mafi muni a ciki shi ne na ƙarshe, saboda yawu yana raguwa ƙwarai idan mutum ya yi barci. Duk zaƙin da aka kwanta da shi, ya sami dare guda babu mai korarsa.

Babu wanda ya nufi yaron nan da sharri. Kowa ƙauna ce ta sa ya ba shi, daga uwa har uba har kaka. Amma da a ce duk zaƙin nan an rage shi, sannan aka haɗa abin da ya saura da abincin safe da na rana, da haƙoransa sun sami hutun da suke buƙata.

Nawa ne ya yi yawa?

Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta, ta sa wasu masana biyu na Ingila, Moynihan da Kelly, sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban. A rahotonsu na 2014 sun duba bincike 55. Daga cikin 50 da aka yi a kan yara, 42 sun nuna ruɓa tana ƙaruwa da ƙaruwar sukari, guda 5 da aka yi a kan manya kuma dukkansu haka suka nuna.

A 2015 hukumar ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in da hali ma ya gaza kashi 5. Ga babban mutum, kashi 10 ya kama kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, kashi 5 kuma giram 25, wato cokali 6. Na yara bai kai haka ba. Hukumomin lafiya na Ingila sun sa iyakar giram 19 a rana ga ɗan shekara 4 zuwa 6, da giram 24 ga ɗan shekara 7 zuwa 10. Wanda bai kai shekara 2 ba kuwa, shawarar masana ita ce kada a sa masa sukari a abinci ko abin sha sam.

Yanzu ki gwada da wannan: yawancin lemon kwalba na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Ke nan robar rabin lita ɗaya tana da wajen cokali 12. Yaron da ya shanye ta shi kaɗai ya sha ninki biyu na abin da ya dace da shi a yini guda, tun bai taɓa shayi ko biskit ba.

Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka sa wa lemo haraji. Ingila, inda ruɓar haƙori ta daɗe tana kan gaba a dalilan kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti, ta fara nata a watan Afrilun 2018, kamfanoni da yawa suka rage sukarin da suke zubawa. Binciken da masanan Jami'ar Cambridge suka jagoranta, wanda aka buga a 2023, ya nuna kwantar da yara don cire ruɓaɓɓen haƙori ya ragu da kashi 12 cikin 100. Nijeriya ma ta fara karɓar naira 10 a kan kowace lita a 2022. Amma harajin gwamnati ba ya shiga kicin. Zoɓon da kika haɗa da hannunki, ke kaɗai kika san gwangwani nawa kika juye.

Sukarin da ba a kiransa sukari

Ƙa'idar nan ba ta tsaya a kan farin sukari kaɗai ba. Mazarƙwaila sukari ce. Zuma, duk da amfaninta da kowa ya sani, a wurin haƙori sukari ce, kuma likitoci sun hana ba jaririn da bai shekara ba saboda wata cuta mai shanye jiki da kan iya biyo ta. Ruwan 'ya'yan itacen da aka matse, ko a gida ne, yana cikin lissafi. Haka madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, da yogot mai zaƙi, da garin cakulan da ake kaɗa wa yara, da garin abincin jarirai da aka sa wa sukari. Alkaki da nakiya da dubulan da iloka kuwa ba sai an faɗa ba.

Abin da bai shiga lissafi ba shi ne zaƙin da ke cikin ɗan itacen da aka ci yadda yake, kamar gwanda da kankana da lemon zaƙi da goba, da kuma na nono da madarar da ba a ƙara wa komai ba. Dabino abinci ne mai albarka, sai dai busasshensa yana manne wa haƙori, don haka a bi shi da ruwa. Rake kuma a sha a zama ɗaya a gama, kada a wuni ana gatsa.

Ki kuma lura da magungunan ruwa na yara. Da yawansu akwai sukari a ciki. Yaron da ke shan magani na tsawon lokaci, kamar mai sikila ko farfaɗiya, a riƙa ba shi ruwa ya kora, a goge masa baki bayan na dare.

“Ai haƙoran nono ne”

Wannan magana ta jawo asarar haƙora masu yawa. Haƙoran nono 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3, kuma na can ciki ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ɓawonsu bai kai na manya kauri ba, shi ya sa ruɓa ke saurin cin su. Da su yaro ke tauna, yaron da tauna ke yi wa ciwo kuma ba ya cin abincin kirki. Su ke riƙe wa haƙoran girma gurbi, idan an cire su tun lokaci bai yi ba sai na girman su fito a cunkushe. Da su kuma yake koyon magana. Mu da ke koyar da ƙananan yara karatu muna ganin yadda wanda haƙoransa na gaba suka gutsure tun yana shekara uku ko huɗu ke fama da haruffan da mafitarsu ke tsakanin harshe da haƙoran sama.

Babban abin da ke cinye haƙoran gaba na ƙananan yara shi ne fida. A zuba shayi ko lemo ko madara mai sukari, a sa wa yaro a baki ya yi barci da ita, ruwan ya kwanta a bayan haƙoransa har asuba. Alamar farko wani farin layi ne kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi. Ki riƙa ɗaga leɓen yaronki na sama kina dubawa ko da sau ɗaya a wata, domin a wannan mataki ana iya tsayar da ita tun ba ta zama rami ba.

Ga wani abu kuma da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6, wani babban matauni yakan fito a can bayan haƙoran nono, sama da ƙasa, hagu da dama, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda ba a ga famfara ba, sai a ɗauka na nono ne. Alhali na girma ne, ba shi da magaji, kuma shi ne ya fi kowanne saurin ruɓewa a bakin 'yan makaranta.

Ke ma kanki, uwargida

Akan ce kowane ciki da haƙorin da yake tafiya da shi, wai jariri ne ke zuƙe ƙarfinsa. Jariri ba ya ɗibar komai daga haƙorin uwa. Abin da ke faruwa shi ne laulayi. Amai yana kawo tsamin ciki zuwa baki, kwaɗayi yana sa a wuni ana tsotsar alewa ko tsamiya da sukari don tashin zuciya, warin man goge baki kuma ya sa a daina gogewa. Idan kin yi amai ki kurkure da ruwa, ki dakata kamar awa guda kafin ki sa buroshi. Kuma mai ciki tana iya ganin likitan haƙori, ta dai sanar da shi tana da juna biyu. Gyara bakinki gyara na jaririnki ne, domin bakteriyar nan takan tashi daga bakin uwa zuwa na ɗa ta hanyar cokali ɗaya ko tauna masa abinci.

Abin da za ki iya yi daga yau

Na farko, ki rage yawan karo. Duk wani abin zaƙi a haɗa shi da lokacin abinci. Tsakanin abinci, in yaro ya ji yunwa, ga gyaɗa ga wanda ya isa taunawa, ga dafaffen ƙwai, ga awara, ga rogo, ga kankana, ga nonon da ba a sa wa sukari ba. In ƙishirwa ce, ruwa.

Na biyu, ki rage cokali a hankali. Mai shan uku a mayar da shi biyu, bayan mako biyu a mayar da shi ɗaya. Harshe yana sabawa. A kunu da zoɓo ki ƙara citta da kanumfari da abarba, za ki ga ba ya buƙatar sukari da yawa. Jariri kuwa kada ma a fara koya masa, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, bayan an goge baki da dare, babu abin da zai sake shiga sai ruwa.

Na huɗu, ki zaɓi ranar alewa a gidanki, ko Juma'a ko wata ranar da ta yi miki. Tsarabar baƙi da ta biki a adana ta zuwa ranar, a ci bayan abinci. Ki zauna da maigida ku yi magana ɗaya, ki kuma roƙi kakanni cikin ladabi, domin dokar da uwa ta kafa uba ya karya ba ta zama doka. Kuɗin tara ma gara a mayar da shi abinci a cikin kula.

Na biyar, goge baki sau biyu a rana, da dare kafin barci da kuma wani lokaci da rana, da man da ke da sinadarin fuloraid, wanda ke taimaka wa yawu wajen ƙarfafa ɓawon haƙori. A fara tun fitowar haƙorin farko. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, ɗan 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. A tofar, amma kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna. Ki riƙa taya yaro har ya kai wajen shekara 7, domin hannunsa bai iya kai wa lungu ba. Asuwaki kuma sunna ce mai girma, yana kankare dauɗar nan sosai idan an iya shi, a riƙe shi tare da man goge baki. Sai dai ki sani, da buroshi da asuwaki duk ba za su iya da bakin da ake zuba wa sukari sau bakwai a rana ba.

Idan ramin ya riga ya buɗe

Haƙorin da ya yi kogo ba ya cikewa da kansa. Kanumfari yana iya kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da ruɓa. Kada a cusa ƙwayar asfirin a ramin, tana ƙona dasashi, balle fetur ko ruwan batir da wasu ke ɗigawa. Idan ciwo mai tsanani ya ɗauke da kansa, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suna nan suna gangarawa saiwa. A je asibiti tun ramin yana ƙarami, a cike shi, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin wahala. In kuwa kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko yaro ya kasa buɗe baki ko haɗiya, to kada a jira gari ya waye, domin irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi.

'Yar'uwa, ba a ce ki haramta wa yaranki zaƙi ba. Ranar Sallah za a ci alkaki, ranar suna za a sha lemo. Abin da ake nema shi ne zaƙi ya koma baƙo mai zuwa lokaci-lokaci, kada ya zama ɗan gida. Haƙoran girma sau ɗaya ake ba mutum, kuma shekarun da ake yanke hukuncin ko za su kai shi tsufa, shekaru ne da cokalin yake hannunki. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.